Famfo Mai Kuka

Tun ranar da Marka ta sauka Funtua take hararar famfon gidan ɗanta, shi kuma famfon bai taimaki kansa ba. Yana nan tsaye a tsakar gida jikin bangon madafa, wuya a sunkuye, yana ɗiga, ɗis, ɗis, safe da rana da maraice. An tara masa wata tsohuwar tasa, ta cika ta tumbatsa, har ƙasan wurin ya fara yin kore.

Gidan yana cikin kwatas ɗin ma'aikatan wani kamfanin gurzar auduga, inda ɗan nata Bitrus yake malamin awo. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma a wannan zamani mai famfo a cikin gidansa abin a zo kallo ne. Bitrus ya san da haka sarai. In ya yi baƙo, kafin ya nuna masa wurin zama sai ya nuna masa famfo, ya murɗa, ya tsaya yana kallon fuskar baƙon kamar shi ya ƙirƙiri ruwan.

Ita Marka daga wani ƙauye ta zo, can bayan Ƙarfi. Ba ta masallaci, ba ta coci, tana nan kan abin da ta tarar iyayenta suna yi, kuma ba ta neman afuwar kowa a kan haka. Abin da ya ɗago ta daga gonarta cikin zafin bazara shi ne cikin surukarta Rahab, wanda ya tsufa, ana sa ran haihuwa ko yaushe.

Rahab ba ta san uwarta ba. Wurin haihuwarta ta rasu, aka naɗe jaririyar aka kai ta wani gidan mishan kusa da Malumfashi, a can ta girma. Ta iya karatu, ta iya ɗinki, ta iya waƙoƙin coci tun daga farko har ƙarshe, amma ba wanda ya taɓa matse ta tsakanin gwiwoyi ya yi mata kitso yana yi mata faɗan taurin kai. Washegarin zuwan Marka aka yi mata wannan. Tsohuwar ta dubi kanta ta ce, "Wanga kai naki, kaji suka kwana a ciki?" Ta jawo ta ta zaunar, ta shiga tsaga tana mita. Rahab ta yi ta hawaye, Marka tana zaton zafin kitso ne, nan kuwa daɗi ne ya yi mata yawa. Daga ranar take kiranta Inna, kuma ba don ladabi kawai ba.

To, ga haihuwar fari tana tafe, ga wankan jego na kwana arba'in, wanda sai da babbar mace ake yin sa: ita za ta dafa ruwa safe da yamma, ita za ta tsoma ganye ta fyaɗa wa mai jego, ita za ta dama kunun kanwa ta tsaya a kanki har sai kin shanye. Rahab ba ta da kowa a duniya da zai yi mata wannan sai Marka. Duk lokacin da ta tuna yadda uwarta ta tafi, sai ta waiwaya ta ga tsohuwar tana tsince wake a inuwa, hankalinta ya kwanta.

Sai ga famfo ya shiga tsakani.

Marka ba ta taɓa kai ruwansa bakinta ba. Kullum sai ta ɗauki tulu ta fita bayan kwatas, ta je wata rijiya ta ɗebo nata, tana ɗingishi saboda ciwon gwiwa. Rahab ta ɗauka rashin sabo ne, har wata safiya da suna karin kumallo tsohuwar ta ajiye ludayi ta ce, ba tare da ta dubi ɗanta ba, "A gaya ma yaron nan, ranar kasuwa zan bi motar Malumfashi."

Ba ta kama sunansa, don ɗan fari ne, kuma ko yana zaune gabanta sai dai ta aika masa da magana ta bakin wani.

Bitrus ya ce, "Inna, lafiya? Wani ya ɓata maki rai?"

"Wancan," in ji ta, ta nuna famfo da haɓa. "Tun da na zo shina kuka. A wurinmu ba a haihuwa gidan da wani abu ke zubda hawaye. Kukan farko na jariri ne, ba a riga shi. Ko ku ba ni ɗiyar nan in tai da ita gida ta haihu, ko in tai ni kaɗai. Ni kam ban zaunawa in ga abin da idona bai so."

Tafiya da Rahab ba ta ma taso ba. Hanyar nan ta ƙauye ko mai lafiya ya bi ta a bayan babbar mota sai ya yi jinyar ƙugu, ga shi kuma ɗakin shan magani da ungozoma suna nan kusa da kwatas. Bitrus ya yi bayani, ya kawo misalai, har ya zana hoton tankin kamfani a ƙasa da tsinke, ya nuna yadda ruwa yake gangarowa ta bututu. Marka ta saurara har ya gama, sannan ta ce wa Rahab, "Ki ce mashi zanen ya yi kyau."

Rahab ta ƙirga kwanaki da yatsu. Ranar kasuwa Litinin ce, ga shi mako ya riga ya raba.

Mai gyaran famfo na kamfani ya tafi garinsu jinyar mahaifinsa, ba a san ranar dawowarsa ba. Saboda haka Bitrus ya naɗe hannun riga ya shiga yaƙi da kansa, kuma dabara ɗaya ya sani, ita ce ƙarfi. Ya murɗe kan famfon da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta tashi. Ɗigon ya ɗan tsaya kamar mai tunani, ya ci gaba. Ya naɗe bakin da tsumma, tsumman ya jiƙe ya ci gaba da ɗiga. Ya samo robar tayar keke ya ɗaure tamau, sai ruwan ya sami wata kafa ya riƙa tsartuwa gefe, daidai inda Marka take shimfiɗa tabarmarta.

Da yammacin Juma'a Rahab ta same shi a ɗaki ta ce, "Malam, murɗewar nan ita take ƙara kashe shi. Akwai wani ɗan abu a ciki, washa ake ce masa, kamar anini yake, zagayayye da huda a tsakiya. Shi yake toshe ruwan. In ya cinye, ko Samson sarkin ƙarfi ka kira ba zai tsayar da ɗigon nan ba."

"Ke ina kika sani?"

"A gidan mishan mu muke canzawa. Baturiyar da ta rene mu ba ta kiran kowa. In babu na roba, sai ta ba mu fata mu yanka."

Bitrus ya yi ta jan ƙafa, wai kayan kamfani ne, ba a buɗe su haka kawai. Rahab ba ta yi musu da shi ba. Ta ce kawai, "In Inna ta tafi, wa zai dafa mini ruwa?" Ya dube ta, ya ga da gaske tsoro take ji, sai ya ce to.

Ranar Asabar bayan an tashi aiki ya ari sifana wurin maƙwabcinsu Hussaini direba, ya wuce kasuwa wurin dukawa. Rahab ta riga ta karanta masa komai: ya fara rufe makunnin ruwa da ke bayan katanga, ya kwance kan famfon, ya cire tsohon, ya sa sabo, kada ya matse da yawa. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba, don ba ta zaci sai an faɗa ba, wato irin fatar. Bitrus kuwa mutum ne mai son abu mai kyau. Da Manu baduku ya baje masa ragowar fatu, ya tsallake duk baƙaƙe da masu ruwan ƙasa, ya ɗauki wata ja wur mai sheƙi, irin wadda ake yi wa sarakai kuben takobi da ita. Famfon malamin awo guda, ai ba za a sa masa tsumman fata ba.

Rahab ta ja Marka zuwa gidan Sabuwa matar Hussaini, suka zauna ɓarar gyaɗa don kada tsohuwar ta ga ana fiɗar abin. Da suka dawo, famfo ya yi tsit. Bitrus yana tsaye gefensa, hannu a ƙugu, yana duban sama kamar ba shi ya yi ba. Marka ta tsaya ta saurara, ta daɗe tana saurare, ta ce, "Hm. Mu ga safiya." Rahab ta kwanta ranar ranta fari fat.

Da safiyar Lahadi Bitrus ya yi shirin coci, farar riga, farin wando mai karin guga, don shi zai yi karatu a gaban jama'a. Ya ɗauko farin kofin tangaran da ake ba manyan baƙi, ya kira uwarsa, ya kira matarsa, har Sabuwa ya kira ta leƙo ta kan katanga. Ya ce, "Inna, yau za ki sha ruwan gidan ɗanki." Ya tara kofi, ya murɗa.

Ruwan da ya kwana yana jiƙa jar fata ya fito ja.

Ba jan wasa ba. Ya zubo cikin farin kofi kamar an yanka zakara, ya fantsama a wandon Bitrus tun daga gwiwa har ƙasa. Sabuwa ta yi salati ta ɓace daga kan katanga. Bitrus ya tsaya riƙe da kofi, baki buɗe, ya rasa ko ya rufe famfo ko ya ɓoye ƙafafunsa.

Marka ba ta yi ihu ba. Ta ja da baya a hankali ta ce, "Jiya hawaye, yau jini. Gobe kuma mi?" Ta juya ta shige ɗakinta, ba a jima ba aka ji tana haɗa ƙore.

Rahab ta tambayi mijinta irin fatar da ya sa. Da ya faɗa, ta rufe ido. Dariya tana taso mata, kuka yana taso mata, ta rasa wanne za ta bari ya fito. Ta ce, "Malam, canza wando ka tafi coci, ana jiranka. Ka bar mini sifanar."

Da ya fita, ta zagaya bayan katanga tana dafa bango, ta rufe makunnin ruwa. Ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna gaban famfo, cikin ya hana ta sunkuyawa sosai, sai ta yi aikin a karkace. Ta kwance kan, ta zaro sandar da ke ciki, ga jar fatar nan a ƙarshenta ta yi laushi kamar ganyen da aka dafa. Ta ɓamɓare ta, ta jefa cikin ƙwarya, ta zuba ruwan rijiya daga tulun Marka, ta ɗauka ta shiga ɗakin tsohuwar.

Marka tana zaune a ƙasa, kayanta a baje kan zane.

"Inna, ruwan tulunki ne wannan. Ki duba."

Suka zuba wa ƙwaryar ido. Ja ya riƙa fita daga jikin 'yar fatar yana yawo cikin ruwan. Marka ta sa yatsa ta tsamo ta, ta murza, ta kai hanci, ta dubi yatsanta da ya rine.

"Karan dafi ne," in ji ta. "Rini ne. Wanga ai fatar kube ce!" Ta ɗago kai. "Ita yaron nan ya cusa a ciki?"

"Ita ce. Wai ta fi kyau."

Dariyar ta fara daga kafaɗun tsohuwar, ta gangara har ciki, ta kai ta kwanta gefe tana buga ƙasa da tafin hannu. "Ta fi kyau! Wa zai gan ta a cikin ƙarfe? Haka uban shi yake, wallahi haka yake. Ya taɓa sayo akuya don tana da kyan ido, ko cokali guda na nono ba ta taɓa ba mu ba." Rahab ita ma ta saki tata, tana riƙe da ciki tana roƙon a bari haka nan.

Amma da dariyar ta lafa, Marka ta share ido ta ci gaba da ninke kaya. Rahab ta daina dariya.

"Inna, ai kin ga ba jini ba ne."

"Na gani. Amma yanzu da kika cire, zai koma kukan shi." Ta ɗora hannu kan ƙullin kaya. "Kuma in gaya maki gaskiya, ɗiyar nan, ba famfo kaɗai ba ne. Gidan nan ba abin da ya san ni. Ƙofa ƙarfe, gado ƙarfe, ruwa ma daga ƙarfe. Rijiyarmu na san wanda ya gina ta, na san akuyar da aka yanka mata. Wanga ruwa ban san uban shi ba. Yaron nan ma wani suna ake kiran shi da shi wanda ba mu muka raɗa mashi ba. In na farka sai in ji kamar a tasha na kwana."

Rahab ta gyaɗa kai. Ta san yadda mutum yake ji in ya zauna inda ba abin da ya san shi, don a haka ta girma. Ta sunkuyar da kai, idonta ya sauka kan wani abu baƙi a naɗe a ƙasan kayan.

"Wannan fa?"

"Walkin Dogo."

Dogo shi ne mijin Marka, uban Bitrus, wanda ya rasu da kakar bara. Walkin kuwa shi ne fatar da yake ɗaurawa a ƙugu in zai shiga gona, tun yana saurayi. A al'adarsu, in magidanci ya mutu, babban ɗa ake miƙa wa walki da garma. An miƙa wa Bitrus bayan an share makoki, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, sannan ya mayar wa uwarsa cikin ladabi, ya ce ba shi da inda zai ɗaura shi a Funtua. Bai yi don wulaƙanci ba, amma abin ya zauna wa tsohuwar a rai. Ta kasa barin walkin a ƙauye, ta kasa sake miƙa shi, sai take yawo da shi a ƙasan kaya.

Rahab ta sa hannu ta taɓa. Fatar ta yi baƙi, ta sha man kaɗanya da zufa da ruwan damina na shekaru masu yawa, ga kauri ga laushi. Yatsunta suka gane abin da suka taɓa tun kafin ta yi tunani. Irin wannan ce Baturiya take nema ba ta samu.

Ta ji tsoron abin da za ta faɗa, don in ya ɓaci, ba gyara. Amma mota gobe ce.

"Inna, in roƙe ki wani abu, kada ki yi fushi. Ki ba ni kaɗan daga gefen nan. Kamar anini kawai."

Marka ta dube ta kamar ba ta ji da kyau ba. "In yanka walkin Dogo, ki cusa a bakin ƙarfe?"

"Fatar da ta saba da ruwa ake so, wadda ba ta zuba, ba ta ruɓewa. Duk Funtua ba za a sami kamar wannan ba. Kuma kin ce ba ki san uban ruwan nan ba. In Baba yana ciki, duk ɗigon da zai shigo gidan nan sai ya bi ta wurinsa. Shi zai buɗe, shi zai rufe."

Ana jin ƙararrawar coci daga nesa. Marka ta warware walkin ta shimfiɗa a cinyarta, tana shafa wani wuri da aka taɓa ɗinkewa. Rahab ta riga ta fara neman kalmomin ba da haƙuri sa'ad da tsohuwar ta ce, "Miƙo mani wuƙata. Ba hannun da zai yanke shi sai nawa."

Ta kwance wani tsohon anini daga bakin zanenta, wanda take ɗaure da shi don ado, ta aza shi a gefen fatar inda ya fi kauri, ta shiga zagaya shi da tsinin wuƙa a hankali. Tana yi tana magana, ba da Rahab ba.

"Dogo, kai da ko motar Malumfashi ba ka yarda ka shiga ba, yau ga ka za ka kama aikin kamfani. Ka riƙe masu ruwa da kyau, ka ji ko? Ban da barci. Jikanka na nan tafe."

Rahab ta sa ƙusa a wuta, suka huda tsakiya. Suka fito tsakar gida tare, ɗaya tana ɗingishi, ɗaya tana tura ciki gaba. Marka ta tsaya nesa da farko, sannan son gani ya fi ƙarfinta, ta matso har tana tare wa Rahab haske. Ta leƙa cikin famfon da aka buɗe, ta ce, "Shi ke nan abin da ke ciki? Rami ne kawai!" Da alama ta ɗan ji haushin yadda ta yi ta tsoron rami.

Rahab ta goge wurin da tsumma har jan ya fita, ta zura sabon washa a ƙarshen sandar, ta ɗaure shi da ɗan noti. Ya zauna daram kamar don wurin aka haife shi. Ta mayar da kan, ta ce, "Inna, riƙe mini wuyansa kada ya juya." Marka ta kama famfon da hannu biyu, karo na farko ke nan da ta taɓa shi, ta riƙe shi yadda ake riƙe ɗan akuya za a ba shi magani. Rahab ta ja sifana sau ɗaya, ta ƙara kaɗan, ta tsaya.

"Sabuwa! Don Allah zagaya ki buɗe mana makunni!"

"Ba jini?" in ji Sabuwa daga bayan katanga.

"Buɗe dai!"

Famfo ya yi tari, ya yi atishawa, ya tofar da iska, sannan ruwa ya zubo garau. Suka bar shi ya zuba har tasa ta cika. Rahab ta sa yatsu biyu ta murɗa a hankali. Ruwan ya tsaya. Ɗigo ɗaya ya taru a baki, ya yi nauyi, ya faɗi. Suka jira na bayansa. Sabuwa ta hau turmi tana leƙe, ita ma tana jira. Kaza ta zo ta wuce. Bakin famfo ya bushe ƙayau a rana.

Marka ta ɗauko ƙwaryarta ta sha, ba kofin baƙi ba, ta buɗe famfo da kanta, ta tara. Ta ɗan zuba a ƙasa tukuna kamar yadda suke yi, ta faɗi abin da za ta faɗa a ciki-ciki, sannan ta kafa kai. Ta sha da yawa. Ta sauke ƙwaryar, ta taɓe baki tana ɗanɗanawa.

"Da ɗan gishiri-gishiri," in ji ta. "Zufar shi ce. Mutumin nan bai taɓa son wanka ba."

Sabuwa ta kusa faɗowa daga kan turmi. Rahab ta yi dariya har abin da ke cikinta ya motsa, ta kamo hannun tsohuwar ta aza a wurin don ita ma ta ji.

A haka Bitrus ya dawo ya same su, ya shigo yana sanɗa kamar wanda ya yi laifi. Ya ga ruwa fari a tasa, ya ga uwarsa da jiƙaƙƙen baki, ya kasa gane komai. Ya je ya buɗe famfo ya gani da idonsa, sannan ya kama kan da hannu biyu zai murɗe shi irin yadda ya saba. Marka ta kai masa duka a hannu.

"A hankali! Ubanka ne a ciki!"

Kai tsaye ta faɗa masa, ba ta bakin kowa ba. Rahab ce ta yi masa bayani, ta nuna masa walkin da ke shimfiɗe a kan tabarma da 'yar hudarsa a gefe. Bitrus ya daɗe yana kallonsa. Kunya ta kama shi, da kewar ubansa wadda ya yi ta dannewa tun bara, suka haɗu suka cika masa ido. Ya durƙusa da wandonsa na coci a cikin laka, ya tara hannu biyu ya sha, ya wanke fuska, ya rufe famfon da yatsu biyu. Da ya tashi, ya ɗauki walkin ya naɗe da kansa, ya ce zai ajiye shi a akwatinsa, tunda famfo ba ya rabuwa da bukatar washa. Marka ta ce wa Rahab ta gaya masa ya riƙa shafa masa man kaɗanya.

Duk da haka ba wanda ya ji ta ce ta fasa tafiya, kuma Rahab ta ji tsoron tambaya. Da safiyar Litinin Hussaini ya yi sallama a ƙofa, ya ce ya zo ɗaukar kayan Inna zuwa tasha kamar yadda aka yi da shi tun ranar da ta ce za ta tafi. Rahab tana madafa, ta tsaya cak da muciya a hannu.

Marka tana tsugune gaban famfo tana cika babbar tukunya. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Wace tasha? In tai in bar mijina a hannun yaron nan, ya murɗe mashi wuya? In kana son aiki, Malam Hussaini, itace za ka samo mani, mai yawa, na kirya in akwai. Jego ba ya yiwuwa da karan dawa."

Hussaini ya tafi yana dariya. Rahab ta fito daga madafa, ta zo ta tsaya kusa da ita.

"Inna, har arba'in ɗin za ki kai?"

"Arba'in?" Marka ta rufe famfo, ta dubi cikin Rahab, ta dubi tsawon famfon daga ƙasa, kamar mai awo. "Sai abin da ke cikin nan ya yi tsawon da zai kai hannu ya gaida kakan shi da kanshi. Matsa ki zauna, kin tsaya mani a kai. Kuma tuwonki na ƙonewa."